Zauren Iyali: Labarin Motar da Ba Ta Shan Mai

 A wannan fitowa za mu ɗan jingine batutuwan da muka saba tattaunawa, mu leƙa garejin bakanike, saboda wata magana da ta taso daga can ta riga ta shigo tsakar gidajenmu, har ta fara taɓa kuɗin adashin iyayenmu mata.

Kwanakin baya muna zaune a wata rumfa a Ndogpassi bayan sallar la'asar, sai wani matashi ɗan bensikin, wanda muka sani tun yana ƙarami, ya tsaya ya gaishe mu, ya miƙo mana wayarsa. A ciki akwai hoton bidiyon wani mutum yana tsiyaya ruwan gora a wata 'yar na'ura da ke jikin injin mota, ya tayar da ita, jama'a suna ta tafi. Yaron ya ce: "Baba, ku duba mana wannan. Akwai wani da ke yawo a unguwa, ya ce shi ma ya gano sirrin, yana neman masu zuba jari kafin a fara ƙerawa. Inna ta ce in ta ɗauki adashinta a ƙarshen wata za ta ba ni in sa." Muka tambaye shi ko ya ga an gwada abin da idonsa. Ya ce an rufe makunnin fetur ɗin wani babur a gabansa, aka tayar da shi, ya kuwa tashi. Muka ce masa ya roƙi Inna ta dakata tukuna, za mu ba shi amsa a rubuce domin wasu ma su amfana. To ga amsar.

Dalilin da ya sa zancen ke shiga rai

Ba mu ga laifin yaron nan ba, ba mu kuma ga laifin mahaifiyarsa ba. Duk wanda ke zaune a Duwala ya san cewa kuɗin mai shi ne ke fara cin rabonsa kafin tukunya ta ci nata. A watan Fabrairu na 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, gazuwal kuma daga 575 zuwa 720. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 2024, fetur ya koma 840, gazuwal 828. Wato cikin wata goma sha biyu fetur ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku na tsohon kuɗinsa. Mu ɗauka ɗan bensikin yana shan lita 3 a yini: da can sefa 1,890 yake biya, bayan ƙarin sai 2,520. Bambancin, sefa 630 kullum, ya haura 16,000 a kwanakin aiki 26. Wannan kuɗi a gidan talaka ba abin wasa ba ne. Yana iya zama kuɗin haya, ko na makarantar yaro.

Matatar mai ta SONARA da ke Limbe ta yi gobara ranar 31 ga Mayu 2019, abin da ya sa ƙasa ta koma sayen tataccen mai daga waje. Man zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Nijeriya, wanda 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa suka daɗe suna dogaro da shi, shi ma ya yi tsada bayan da aka janye tallafin mai a can ranar 29 ga Mayu 2023. Manya daga cikinmu kuma ba su manta da Fabrairun 2008 ba, lokacin da yajin aikin direbobi a kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama tarzoma a nan Duwala, ta bazu zuwa Yawunde da wasu garuruwa, aka yi asarar rayuka da dukiya. Sana'ar bensikin kanta ɗiyar wahala ce: ta bunƙasa ne a farkon shekarun 1990, zamanin da aka riƙa rufe gari, ta ƙara ƙarfi bayan durƙushewar kamfanin bas na SOTUC a 1995. Saboda haka mutumin da ya zo wa irin wannan al'umma da albishirin motar da ba ta shan mai, ya san inda yake taɓawa.

Tsohon zance ne a sabuwar riga

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, wannan albishir ya girmi kakanninmu. A shekarun 1930 wani mutumin Kanada mai suna Charles Pogue, daga birnin Winnipeg, ya yi rajistar wata kafireta da aka ce tana sa mota ta yi tafiyar kusan kilomita 70 da lita ɗaya. Jaridu suka yayata, amma ba a taɓa ganin ta a kasuwa tana yin abin da aka faɗa ba. A 1977 wani matashi, Tom Ogle, daga El Paso a Amurka, ya ce ya sa wata ƙatuwar Ford ta yi sama da kilomita 40 da lita ɗaya ta hanyar shayar da injin tururin fetur. Ya rasu a 1981 yana da ƙuruciyarsa, na'urar kuma ba ta je ko'ina ba.

Wanda ya fi su suna shi ne Stanley Meyer na jihar Ohayo, wanda hotunansa ke yawo a wayoyinmu har gobe. Ya yi iƙirarin cewa motarsa za ta ratsa Amurka daga gaɓar yamma zuwa ta gabas da ruwa kimanin lita 83. Mutum biyu da suka zuba masa jari suka kai shi ƙara. Kotu ta sa masana suka duba na'urar, suka tarar ba komai a cikinta sai tsohuwar dabarar raba ruwa da wutar lantarki wadda ake koya wa ɗalibai a makaranta. A 1996 kotun ta same shi da babbar zamba, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya rasu a 1998 a wani gidan cin abinci. Magoya bayansa suka ce guba aka ba shi, amma likitan da ya binciki gawar ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa.

A ƙasar Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru da dama yana nuna motarsa mai shan ruwa, har a 2008 kotu ta ɗaure shi a kan damfarar wani kamfani da ya ba shi kuɗin bincike, yana da shekara 82. A Pakistan, a 2012, Agha Waqar Ahmad ya fito da tasa na'urar, ministoci suka yaba masa, gidajen talabijin suka ɗauka, sai dai malaman kimiyya irin su Farfesa Pervez Hoodbhoy suka tsaya suka ce abin ba zai yiwu ba, kuma daga baya zancen ya bi ruwa. A nahiyarmu ma, a Janairun 2025, Maxwell Chikumbutso na Zimbabuwe ya nuna wa shugaban ƙasarsa wata mota da ya ce tana samun ƙarfinta daga igiyoyin rediyo, ba ta buƙatar mai ko caji. Ba a gabatar da sakamakon wani gwaji mai zaman kansa tare da ita ba, masu bin diddigi kuma suka nuna ta yi kama da wata motar lantarki ƙirar Sin da ake sayarwa a kasuwa.

Mu da ke karanta Faransanci mun kuma san labarin injin Pantone, wanda ya yi tashe a Faransa a shekarun 2000, inda manoma da makanikai suka riƙa maƙala wa tarakta da mota tukunyar ruwa a jikin salansa. Sai kuma ƙananan kayan da ake tallatawa: maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, da ɗan abin da ake sokawa a ramin kunna taba na mota. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta sami ko ɗaya da ke rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba. Kusan shekara casa'in ke nan ana sauya suna da fuska, labarin yana nan yadda yake: a nuna abu a gaban taro, a nemi jari, a ƙi gwaji, daga nan sai shiru.

Ruwa toka ne

Domin kada a ce mun ƙi abin ne don ƙiyayya, bari mu bayyana dalili da harshen da kowa zai gane. Itace idan ya ci wuta yakan bar toka, kuma babu uwar gidan da za ta tara toka a murhu ta sa ran ta dafa mata tuwo, domin abin da ke ci a cikin itacen ya riga ya ci. Ruwa ma haka yake. Iskar haidirojin ce take cin wuta tare da iskar oksijin, abin da ya rage bayan cin wutar shi ne ruwa. Ashe ruwa tokar haidirojin ne. Shi ya sa ake kashe gobara da shi.

Gaskiya ne ana iya mayar da ruwa zuwa iskokin nan biyu ta hanyar sa masa wutar lantarki, kuma haidirojin ɗin yana iya tayar da inji. Sai dai wutar da za a kashe wajen rabawar ta fi ƙarfin da za a samu idan aka sake ƙona shi. Daga lita 9 ta ruwa ake samun kilo 1 na haidirojin. Manyan masana'antu suna kashe kimanin awon lantarki 50 na mita kafin su fitar da wannan kilo, shi kuwa in an ƙona shi abin da yake mayarwa bai kai awo 40 ba. A cikin mota, wutar raba ruwan daga batir take fitowa, batir kuma injin ne ke cika shi, injin kuwa fetur yake sha. Kamar ɗan kasuwar da ke sayen buhu a kan jaka goma ya sayar a kan jaka bakwai ne, yana murna wai ciniki na tafiya.

To yaya aka yi babur ɗin ya tashi a gaban yaronmu bayan an rufe makunnin fetur? Kowane ɗan bensikin ya san amsar in ya natsu. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi da ke riƙe da fetur, kuma babur yana iya tashi, har ya yi 'yar tafiya, da abin da ya rage a ciki. Wannan kafin a zo ga zancen ɓoyayyen tiyo ko ƙaramin tanki na biyu. Akwai kuma injunan da da gaske ake fesa musu ruwa, kamar wasu jiragen yaƙin duniya na biyu da wata motar tsere ta BMW da ta fito a 2016, amma aikin ruwan a nan sanyaya iska ne domin injin ya jure matsi. Fetur ɗin dai shi ake ƙonawa.

Masu zancen kafireta ta mu'ujiza kuma cewa suke yi injin mota yana zubar da yawancin fetur bai ƙone ba. Wannan ba haka ba ne. Inji mai lafiya yana ƙone kusan dukkan man da ya sha. Asarar tana wajen zafi: a cikin kowace lita 3, kusan 2 suna tafiya ne a zafin da ke fita ta salansa da lagireto. Duk wanda salansar babur ta taɓa ƙona wa ƙafa ya san inda kuɗin mai ke zuwa. Wani masani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya bayyana tun 1824 cewa duk injin da ke aiki da zafi dole ya zubar da wani kaso, kuma injunan fetur mafi nagarta na motocin zamani ba su wuce amfani da kimanin kashi 40 cikin 100 ba. Ko da za a ce an toshe asarar gaba ɗaya, abin da ba ya yiwuwa, tasin da ke yin kilomita 12 da lita ba za ta wuce 36 ba. Ina 70 za ta fito?

Zancen cewa manyan kamfanoni ne ke ɓoye sirrin

Duk inda aka yi wannan muhawara, daga New Bell har Bonaberi, sai wani ya ce: "Ai kamfanonin mai ne ke saye sirrin su binne, ko su kashe mai shi." Ba mu ce manyan kamfanoni waliyyai ne ba. A 2012 kamfanonin Hyundai da Kia sun amsa cewa sun ƙara gishiri a alƙaluman tsimin man motocinsu, aka ci su tarar dala miliyan 100 a Amurka a 2014. A 2015 aka kama Volkswagen da sa wa motocinsa na gazuwal dabarar yaudarar masu auna hayaƙi. A 2016 Mitsubishi ya amsa cewa ya yi maguɗi a gwajin shan mai a Japan. Amma mai karatu ya lura da abu biyu. Na ɗaya, duk ƙaryar da suka yi ta nuna motarsu ta fi tsimi ko tsabta ce, domin abin da ke sayar da mota ke nan. Kamfanin da ya mallaki motar da ke tafiya da ruwa zai kashe kasuwar abokan hamayyarsa ne, ba zai binne ta ba. Na biyu, awo ne ya tona asirinsu. Wasu 'yan tsirarun masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka ɗaura na'urar awo a bayan motocin Volkswagen suka hau titi da su, gaskiya ta fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko na babban kamfani ne ko na mai yawo a unguwa.

Sa'an nan ƙasashe irin su Japan, Indiya da Sin, waɗanda ke kashe dukiya mai ɗimbin yawa wajen sayen mai daga waje, wa zai hana su ƙera motar ruwa in da tana yiwuwa? Takardun rajistar Pogue da na Meyer ba a ɓoye suke ba. Wa'adin kariyarsu ya ƙare tuni, kowa yana iya karantawa ya ƙera. A nan ne ma ya kamata mu gyara wata fahimta. Idan mutum ya nuna muku takardar rajistar ƙirƙira, ko daga hukumar OAPI da ke da hedikwata a Yawunde ce, abin da take nufi shi ne an ba shi kariyar shekara 20 kada wani ya kwaikwayi dabararsa, bisa sharaɗin ya bayyana ta a rubuce. Ba shaidar cewa an hau titi an gwada ba ce. Wanda ya ce yana da rajista kuma ya ce abin sirri ne da ba za a buɗe ba, maganarsa tana karo da juna.

Masu ƙirƙira na gaskiya

Kada wani ya fahimce mu da cewa muna kashe wa matasa gwiwa. Motoci masu tsananin tsimin mai suna nan, kuma sanin yadda aka yi su darasi ne. A gasar tsimin mai da kamfanin Shell ke shiryawa, ɗaliban wata makarantar fasaha da ke kusa da birnin Nantes a Faransa sun kafa tarihi a 2009 da 'yar motarsu Microjoule, wadda aka lissafa ta yi daidai da kilomita 3,771 da lita ɗaya. Sai dai nauyinta bai kai na buhun siminti ba, mutum ɗaya take ɗauka, a kwance, kuma gudunta bai fi na mai keke mai ƙwazo ba, a kan shimfiɗaɗɗen filin tsere. Volkswagen ya ƙera XL1, mai cin ƙasa da lita 1 a kilomita 100 bisa gwajin hukuma, da taimakon batirin da ake caji. Mutum biyu take ɗauka, guda 250 kacal aka yi, kuma kuɗinta ya haura yuro 100,000. Toyota Prius, wadda ta fito a 1997, tana tara ƙarfin da ke ɓacewa wajen taka burki ta mayar da shi batir. Dukkansu hanya ɗaya suka bi: rage nauyi, rage turjiyar iska da ta taya, da tsinto abin da ke zubewa. Babu wadda ta samo ƙarfi daga babu.

A cikin namu ma akwai abin alfahari. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi karatu a Birnin Kabi, ya wuce Ditroit, ya shiga kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007. Daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya shahara da cire injunan ƙananan bas yana sa musu batir da injin lantarki, ana caji da hasken rana, fasinja suna shiga suna biya. A nan gida Kamaru, Arthur Zang, wanda ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Yawunde, ya ƙera na'urar auna bugun zuciya ta Cardiopad, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2014. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne sun miƙa aikinsu ga masu gwaji, kuma in aka tambaye su daga ina ƙarfin ke fitowa suna da amsa. Baburan lantarki da ke aikin haya a Kwatano, Lome, Kigali da Nairobi su ma ba kyauta suke tafiya ba. Ana biyan kuɗin musayar batir. In irinsu suka yawaita a titunanmu, ƙarfinsu daga madatsun kogin Sanaga zai fito, irin su Edea da Song Loulou. Can ne ruwa ke tuƙa abin hawa da gaske, ta hanyar gangarowarsa daga tudu.

Yadda za a gwada, da abin da ke rage shan mai

Za a ce mana: "Amma wane ya sa na'urar, ya kuma rantse ya ga sauƙi." Muna kyautata masa zato, ba ƙarya yake yi ba. Wanda ya kashe kuɗi a kan na'ura yakan sassauta ƙafa a kan totur ba tare da ya sani ba. Sau da yawa kuma mai ɗaura na'urar yakan canza filogi, ya wanke kafireta, ya rage shigar mai a lokaci guda, sai a ba maganaɗisu ladan aikin sukuddireba. Rage man nan kuwa in ya wuce kima yana sa inji zafi har ya ƙone bawul, sai abin da aka tsimanta a gidan mai a kai shi Camp Yabassi wajen sayen kayan gyara. Ga kuma cunkoso: ranar da mutum ya maƙale a Ndokoti ba daidai take da ranar da hanya ta buɗe ba.

Gwajin gaskiya ba shi da wuya. A cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita. A yi aiki kamar kullum, a koma famfon da aka sha da farko a sake cikawa har baki, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. A maimaita sau uku ko huɗu ba na'ura, sa'an nan sau uku ko huɗu da ita, ba tare da an taɓa komai a injin ba. In agogon kilomita ya mutu, kamar na yawancin baburanmu, a auna fetur a kwalba, a bi hanya ɗaya sananniya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abubuwan da ke rage shan mai da gaske kuwa ba su da ban mamaki, shi ya sa ba a yin bidiyonsu. A duba iskar taya kowane mako, domin taya mai sanyi tana jan mai. A bar fizgar totur da taka burki da ƙarfi. Hukumar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci a cikin cunkoso yana ƙara shan mai da kashi 10 zuwa 40 cikin 100. A wanke ko a canza matatar iska, musamman a injin kafireta da ke shan ƙurar rani. A yi juye a kan lokaci, a daidaita sarƙar babur a sa mata mai. A kashe inji in tsayuwa za ta yi tsawo. A rage lodin da ya wuce ƙarfin abin hawa. A kuma kula da inda ake shan mai: kananzir ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, wanda hakan ke jan marasa tsoron Allah su gauraya, kuma man da aka yi wa algus yana cin inji a hankali. Araha ba ta ado. Ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana kuma, a unguwanni masu cunkoson gidaje irin namu, kasada ce da rayukan maƙwabta.

Amsarmu ga Inna

Inna, kuɗin nan naki guminki ne na watanni, kuma amanar 'yan'uwanki mata ce da suka zuba. Kafin ki ba kowa, a yi masa tambaya uku. Daga ina ƙarfin ke fitowa? Wane ne, wanda ba shi da riba a cikin lamarin, ya gwada ya sa hannu? Kuma me ya sa mai abin da zai girgiza duniya yake neman kuɗin adashin unguwa, bai nufi malaman injiniya na Jami'ar Duwala ba? In ya fusata da tambayar, ko ya ce a gaggauta kafin dama ta wuce, to kin sami amsa. Mu a ganinmu, sabuwar taya da gyaran inji a wurin bakanike mai amana sun fi wa ɗanki amfani, ragowar kuma ki riƙe abinki.

Shi kuma bawan Allahn da ke yawo da na'urar, ba mu kira shi maƙaryaci ba, domin akwai waɗanda suka fara ruɗin kansu kafin su ruɗi wani. Muna yi masa tayi a fili. Daga Ndogpassi zuwa Edea a kan babbar hanyar Yawunde kimanin kilomita 60 ne. Ya zo da baburinsa, mu zo da makanikai biyu da jama'a suka yarda da su, a zazzage tanki da kafireta tas a gaban kowa, a zuba ruwan, mu bi shi a baya. In ya isa, za mu buga labarin a wannan fili da manyan baƙaƙe, mu kuma nemi afuwarsa. In bai isa ba, ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya zo mu haɗa shi da masu koyar da gyaran injin lantarki, domin hannun da ya iya haɗa waya da tiyo hannu ne mai amfani.

Muna roƙon iyaye su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, musamman a wuraren adashi da tashoshin 'yan bensikin. Mai tambaya ko ƙarin haske, ƙofar wannan fili a buɗe take kamar kullum. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a sana'o'in 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.